Likitan Talaka Ma Yana Bukatar Malami

Laccarmu ta yau a kan likita ce. Manya in sun ji ciwo su kan hau jirgin sama su tafi Masar ko Indiya ko Ingila, wannan nasu ne. Namu likitan shi ne wanda a ke yankar kati a bi layi tun da safe kafin a gan shi, a babban asibitin birni, ko a Funtuwa, ko Daura, ko Dutsin-ma, ko Kankiya, ko Jibiya. Shi ke duba zazzaɓin yaro, shi ke duba hawan jinin tsoho, shi a ke tasa cikin dare in haihuwa ta gardama. Watau likita mai duba kowace irin cuta. Tambayarmu ita ce: bayan mutumin nan ya bar makaranta, wa ke ƙara masa karatu? Shi kuma mai ƙara masa karatun, wa ya koya masa koyarwa?

YADDA A KE ZAMA LIKITA

Bari mu fara da yadda abin ya ke. Yaro ya kan yi shekara 6 a jami'a, sa'an nan ya yi shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sa'an nan ya yi shekarar bautar ƙasa. Daga nan sai a tura shi wani asibiti, wata sa'a ma shi kaɗai ne likita a garin, ba na sama da shi da zai tambaya. Zai iya yin shekara 30 yana aiki. To, in bai ƙara kome ba a kan abin da ya fito da shi, ashe tsohon kaya ya ke sayar mana.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. Ɗan tiredan da ya yi wata guda bai leƙa Kano ba, bai tambayi farashi ba, ai sai ya karye. Makaniken da ya tsaya a kan injin motocin da, yau ko ya buɗe gaban mota sai ya tsaya yana kallo. Amma shi ɗan tireda in ya yi kuskure jarinsa ne ya tafi. Likita in ya yi kuskure ɗanka ne, ko matarka. An ce da tsohuwar zuma a ke magani, gaskiya ne, amma ba a yi da tsohon sani.

ABIN DA YA SAKE A GABAN IDONMU

Kada ku ɗauka zance ne kawai. Ga misalai.

Dukanmu mun sha kulorakwin, har da ƙaiƙayinsa. Shekara da shekaru shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. Daga baya ƙwayar cutar ta saba da shi, ya daina kashe ta. A 2005 Nijeriya ta sake doka, aka koma ga maganin haɗi wanda a ke samun tushensa daga wani tsiro na ƙasar Sin, dangin tazargade. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa auna jini tukuna kafin a ba da maganin, domin ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba. A 2011 kuma ta ce yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani, allurar atesunat ta fi kwinin ceton ransa. Ku duba fa, sau uku ke nan cikin shekara 6, a kan cuta guda ɗaya wadda ta fi kowace cuta kai mu asibiti da damina. Likitan da ya fito makaranta a 2000 bai karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan a aji ba.

Ga kuma abin da ya faru a maƙwabtanmu Zamfara a 2010. Yara suka yi ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka yi ta zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Ashe gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da a ke daka wa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Cuta ce wadda yawancin ma'aikatan asibitin ƙasar nan ba su taɓa gani ba, sai da aka zauna aka koya musu.

DOKA TANA NAN, AMMA INA HANYA?

Hukuma ta san da wannan. Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1963, ita ke ba likita lasin yin aiki, kuma kowace shekara a ke sabunta shi. Ta sa doka cewa kafin a sabunta wa likita, sai ya nuna ya halarci darussan ƙarin ilmi har ya tara maki 20. Akwai kuma Kwalejin Ƙarin Ilmin Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, tana Ijanikin a Ikko, kuma a cikinta akwai sashe musamman na likitan iyali, watau dai irin likitan nan namu mai duba kome da kome. Wanda ya shiga ya kan yi shekara 4 ko fiye yana koyo a asibiti kafin ya zama ƙwararre.

Doka ta yi kyau. Amma ku auna da kanku. Yawancin darussan nan a manyan birane a ke yin su. Likita ɗaya tilo a asibitin karkara, in ya kulle ofis ya tafi kos na kwana uku, wa zai riƙe masa marasa lafiya? Kuɗin mota da masauki daga aljihun wa? Saboda haka sai ka ga na birni ya tara makinsa cikin sauƙi, na ƙauye kuwa, wanda ya fi kowa bukatar karatun, shi ne ya fi kowa wahalar samunsa. Kuma zama a ɗakin taro a saurari jawabi a karɓi satifiket, wannan dabam, iya aikin da hannu dabam.

SANI DABAM, KOYARWA DABAM

Nan ne mu ka zo kan babbar magana. Ku masu sana'a, teloli da maƙera da dukawa, kun san akwai gwanin da yaro zai shekara biyar a shagonsa ya fita bai iya kome ba, sai aike da shan tsawa. Akwai kuma wanda bai kai shi suna ba, amma duk yaron da ya bi ta hannunsa sai ya fito da sana'a. Haka abin ya ke a asibiti. Babban likita zai iya zama gwanin tiyata, amma bai san yadda zai tsaya a bayan ƙaramin likita ya bar shi ya yi da hannunsa ba, bai san yadda zai gyara masa kuskure ba tare da ya kunyata shi a gaban mara lafiya ba. Wanda aka kunyata kuwa ba ya ƙara tambaya, wanda ya daina tambaya kuma ya daina koyo.

Mutanen Ingila sun gane haka. A 1952 likitocinsu na gama-gari suka kafa kwalejinsu ta kansu. Daga farkon shekarun 1980 doka ta hana mutum ya riƙe ɗakin duba marasa lafiya na unguwa sai ya yi horo na musamman, kuma ba kowane likita a ke ba ɗalibi ba, sai wanda shi ma ya yi kos na koyarwa aka gwada shi aka yarda da shi.

Amma ba sai mun je Turai neman shaida ba. A 2008, a jihar Kano, aka ɗauko maganar jijjiga, ciwon nan da ke kama mai ciki ko mai jego ta yi ta fizge-fizge har ta mutu. Maganinsa allura ce mai araha, sunanta magnesiyam salfet, an daɗe da saninta a duniya, amma ba a amfani da ita a yawancin asibitocinmu. Sai aka zaɓi 'yan likitoci da ungozomomi daga manyan asibitoci 10, aka koya musu aikin, aka kuma koya musu yadda za su koyar. Kowa ya koma asibitinsa ya koya wa abokan aikinsa. Kafin wannan, cikin matan da jijjiga ta kama, wajen 1 cikin 5 ke mutuwa. Bayan horon sai ya koma wajen 2 cikin 100. Ba a gina sabon bene ba, ba a sayo inji daga waje ba. Malamai aka yi.

KATSINA TA TAƁA YI

Jama'ar Katsina, ku ne bai kamata a tsaya ana yi muku dogon bayani a kan wannan ba. Garin Gobarau ne, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 makarantar horon malamai ce, daga nan aka riƙa rarraba malamai zuwa lardunan Arewa har aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938. Tun a wancan zamani an gane cewa in kana son ilmi ya yaɗu, malami za ka fara yi.

Ta fannin likita kuwa mun makara. Likita na farko ɗan Arewa, Dokta Barau Dikko mutumin Wusasa, sai da ya je Birmingham ya karanto. Jami'ar Ahmadu Bello ba ta buɗe sashen likita ba sai 1967. Amma ko a nan ƙasar Katsina ta ba da nata, domin akwai lokacin da asibitin Malumfashi ke cikin asibitocin koyarwa na jami'ar, ɗalibai na zuwa can su ga cutar karkara da idonsu.

Sa'an nan ga Babbar Ruga, nan kan hanyar Batsari, wadda da asibitin kutare ce. Wani likita mutumin Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo a 1983 domin aikin kuturta. Da ya ga yawan matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, mazansu sun sake su, dangi suna gudunsu, sai ya shiga yi musu ɗinki. Ya yi wa dubban mata aiki. Amma da ya tsaya a nan, da ranar da ya ajiye almakashi aikin ya mutu. Abin da ya yi shi ne ya mai da wurin makaranta. Likitoci ɗari-ɗari da ma'aikatan jinya suka bi ta hannunsa, daga jihohin Nijeriya, da Jamhuriyar Nijar, da wasu ƙasashen Afirka, da yawansu kuwa likitocin gama-gari ne na asibitocin gwamnati. Ya kuma nuna cewa in yoyon sabo ne, aka sa wa mace robar fitsari da wuri aka bar ta 'yan makonni, wasu su kan warke ba tare da tiyata ba. Ku duba wannan ɗan sani, in yana kan likitan da ke Mani ko Musawa, mace nawa zai raba da baƙin ciki? Yau Babbar Ruga cibiya ce ta ƙasa a kan wannan ciwo.

ABIN DA MU KE NEMA

Tun 1987 Katsina ta zama jiha, tana da ƙananan hukumomi 34. Asibitin Tarayya da ke birni an ɗaga shi ya zama asibitin koyarwa, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma tana karantar da likitanci. Watau malaman suna kusa, saura a haɗa su da masu bukata. Ga abin da mu ke roƙon hukuma, kuma hakkinmu ne mu roƙa, domin da harajinmu da kuɗin rumfunanmu a ke tafiyar da asibitocin nan.

Na farko, a kowane babban asibiti na jiha a zaɓi likita ɗaya ko biyu masu haƙuri da son aikin, a tura su su koyi koyarwa, a kuma ba su lada a kan wannan aiki, kada ya zama kyauta ce su ke yi bayan sun gaji.

Na biyu, a kai karatun inda likita ya ke. Ƙwararrun birni su riƙa fita rangadi, su kwana a Daura da Funtuwa da Malumfashi, su zaga gadajen marasa lafiya tare da likitocin wurin. Ga wayar hannu kuma ta zo, ƙaramin likita ya san lambar babban da zai kira cikin dare ba tare da jin tsoro ba.

Na uku, in likita zai tafi kos, a turo wanda zai riƙe masa, a biya masa kuɗin mota da masauki. Kada ƙarin ilminsa ya zama rufe asibitinmu.

Na huɗu, a tsara karatun bisa ga abin da ke kashe mu: zazzaɓin damina, sanƙarau na bazara, wanda a 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, tamowa, amai da gudawa, jijjiga, zubar jini bayan haihuwa, hawan jini da ciwon sukari. A kuma haɗa da ma'aikatan jinya da ungozomomi da malaman ɗakunan shan magani na ƙauye, waɗanda makarantunmu na Katsina da Malumfashi da Daura da Kankiya ke yayewa, domin su talaka ke fara gani.

Na biyar, a sa kuɗin wannan aiki a fili cikin kasafin shekara, yadda wakilanmu za su iya tambaya a majalisa a gaya musu likita nawa aka horar, kuma a wane gari su ke. Gini ana ganinsa a yanka kyalle a ɗauki hoto, shi ya sa a ke sonsa. Horo ba a ganinsa, sai a maƙabarta a ke gane rashinsa.

Za a ce mana, in an horar da su ai sai su gudu Saudiyya ko Ingila. Wasu za su tafi, da ma suna tafiya. Amma ku tambayi kowane mai sana'a, yaron da ya ga yana ƙaruwa a shago ya fi daɗewa a kan wanda aka jefar a lungu aka manta da shi. In kuwa an yi malamai a gida, ko wani ya tafi ya bar na bayansa da sani.

Mu ma da namu. In ka je asibiti aka ce maka likita yana ɗakin karatu na awa ɗaya, kada ka yi fushi, domin kai a ke yi. In ka ga likita ya buɗe littafi ko ya kira na gaba da shi a gabanka, kada ka fita kana cewa bai iya ba, wannan shi ne wanda ya kamata ka amince da shi, ai matambayi ba ya ɓata. In aka ce a auna jini kafin magani, ka yarda, kada ka wuce kemis ka sayi abin da ka saba. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma, duk ranar da mai neman ƙuri'a ya shigo rumfunanku, ku sa wannan tambaya cikin tambayoyinku: wa ke koya wa likitanmu?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu duba su sani da tausayi.