Kwana Uku a Bayan Aji Biyar: Jawabin Kwamitin Ilimi a Taron Cikar Ƙungiya Shekara 10

 

 

An ba kwamitin ilimi ɗan lokaci mu faɗi abin da muka yi a bana. Lissafin kuɗi ma'aji ta riga ta karanta, mu labarin aji muka kawo muku. Za ku tuna a taronmu na bayan ƙaramar sallah wata 'yar uwa ta tashi ta ce 'yarta tana aji biyar amma ta kasa karanta mata katin asibiti. Nan take surutu ya tashi, kowa tana ɗora wa malamai laifi. Sai Hajiya Shugaba ta ce gani ya kori ji, ku je ku gano mana. Mu huɗu muka nemi izinin hedimasta a firamaren da yawancin 'ya'yanmu suke, aka ba mu benci ɗaya a can bayan aji biyar, muka zauna Litinin, Talata da Laraba, tun daga shara har tashi.

Ga yadda ranar take tafiya. Waɗanda suka zo da wuri su ne ke share aji da harabar makaranta. Sai a buga ƙararrawa a yi layi, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a duba farce da tsabtar kaya. Da an shiga aji Malama ta buɗe rajista ta kira suna ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai darasi, kowanne bai wuce minti arba'in ba. A jadawalin da ke manne jikin bango, Lissafi da Turanci su ne na farko kusan kullum, kafin a fita tara. Muka tambayi Malama dalili, ta ce da safe kan yaro a buɗe yake, rana ba ta yi zafi ba, yunwa ba ta taso ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar Litinin darasin Lissafi a kan riba da faɗuwa aka yi. Wallahi sai da muka kalli juna, domin abin da muke yi ne kowane mako a teburin ƙungiya. Malama ta rubuta a allo: mace ta sari kwalin sabulu naira 4,000, ta sayar naira 5,000, nawa ce ribarta, kuma kashi nawa ne cikin ɗari? Kafin ta ajiye alli wata yarinya a layin baya ta ce dubu ɗaya. Daga baya muka gane 'yar talla ce, a ka take lissafi, ta fi mu sauri. Amma da aka zo kashi na biyu, inda za a ɗora 1,000 a kan 4,000, a rage shi ya koma ɗaya bisa huɗu, a mayar da shi kashi 25 cikin 100, sai ta yi shiru tana juya biro. Malama ta ce mana ranar da aka koyar da rabi da kwata da sulusi a rubuce, yarinyar ba ta nan. Lissafin aji huɗu zuwa shida haka yake, kamar ginin tubali, na yau a kan na jiya yake zaune. Wanda bai iya jadawalin sau ba, rabawa za ta gagare shi. Wanda bai gane ɗaya bisa huɗu ba, ba zai gane kashi 25 cikin 100 ba.

Turanci kuwa nan ne nauyin yake. Tsarin da aka bi shekaru da yawa a baya a makarantun gwamnati shi ne a fara wa yaro da harshen gida daga aji ɗaya zuwa uku, daga aji huɗu kuma Turanci ya zama harshen koyarwa. To ku duba: littafin Kimiyya da Turanci, tambayar Lissafi da Turanci, jarrabawa da Turanci. Yaron da bai iya karatu ba a aji huɗu, duk darussa ne suke rufe masa ƙofa lokaci ɗaya. Mun ga Malama tana faɗin abu da Turanci, ta juya shi da Hausa, ta sake maimaitawa da Turanci. Ta ba su gajeren labari su karanta su amsa tambayoyi, ta yi musu shifta ta kalma goma, ranar Laraba kuma suka koyi rubuta wasiƙa, inda ake sa adireshi da kwanan wata da gaisuwa. Wasu yaran suna kwafe abin da ke allo tsaf, rubutu mai kyau, amma in ka nuna kalma ka ce karanta, sai ido. Cikar littafi da rubutu bai nuna yaro ya iya karatu ba. Da yawanmu a nan muke ruɗuwa.

A darasin Hausa aji ya ɗau rai. An yi ƙa'idojin rubutu, aka nuna musu bambancin baki mai ƙugiya da marar ƙugiya, kamar bari da ɓari, ko kafa da ƙafa. Aka yi karin magana da kacici-kacici, har ɗaya daga cikinmu ta manta ita baƙuwa ce ta ɗaga hannu.

Kimiyya ta fi ba mu sha'awa. A bakin taga akwai gwangwanayen madara uku da yara suka shuka wake a ciki tun makon da ya wuce. Na farko ana ɗan yayyafa masa ruwa kullum, na biyu an bar shi a bushe, na uku an cika shi da ruwa har ya shanye irin. Na farko ya tsiro, na biyu yana nan yadda aka sa shi, na uku ya ruɓe. Malama ta sa su faɗi dalili da kansu, har suka kai ga cewa iri yana bukatar ruwa da iska da ɗumi, kuma ruwan da ya yi yawa ya hana shi iska. Duk macen da ta taɓa shuka a fadama ta san haka. Abin da muka gani sabo shi ne yaro ya gwada da hannunsa, ya zana a littafi, ya rubuta kwanan watan da tsiro ya fito. An kuma yi musu bayanin yadda sauro ke yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, da dalilin wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida. A darasin zaman jama'a suka jero jihohi 36 da Abuja, aka gaya musu ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774, aka tambayi kowa sunan tasa.

Kada a ce mun zo yabon makaranta kawai. Yara sun fi ƙarfin bencina, wasu a ƙasa suke zaune su ɗora littafi a gwiwa. Littafin karatu ɗaya yara huɗu ko biyar ke leƙawa. Malama ɗaya ce, jan biro ɗaya, ba za ta iya duba aikin kowa a rana ɗaya ba. Bayan gidan 'yan mata ba ƙofa, ba ruwa. Mu iyaye mata mun san shekarun aji biyar da shida su ne lokacin da wasu 'ya'yanmu ke fara girma. Yarinyar da ba ta da inda za ta gyara jikinta, zama za ta yi a gida kwana uku ko huɗu kowane wata, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗi dalili ba.

Yanzu bari mu faɗi wadda ta fi yi mana ciwo. Lokacin kiran suna da safe, wuraren 'yan mata da dama babu kowa. Sai bayan tara suke shigowa ɗaya ɗaya, wata da ƙullin canji a bakin hijabi, wata tana ƙanshin man suya. Sun shigo an gama Lissafi, an gama Turanci. Ranar Laraba da kasuwa ke ci, wasu ko bayan tarar ba su zo ba. Muka duba fuskokin, ashe namu ne. Ƙosan da ke kan farantin namu ne, kokon namu ne, ƙuli-ƙulin da man gyaɗar daga jarin da ƙungiyar nan ta ba mu rance suka fito. Biyu daga cikin mu huɗun da muka je, 'ya'yanmu suna cikin masu makarar. Mun je neman laifin malamai, muka tarar da rabonmu a ciki.

Ba mu ce talla don son rai ake ɗora ta ba. Mun san ranar zubi ba ta jira, mun san akwai gidan da in farantin bai fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Amma mu yi lissafin riba da faɗuwar da Malama ta koyar. Yarinyar da ke rasa darasin safe kullum, in ta kai aji shida jarrabawar shiga sakandare za ta zauna, da Turanci, ba mai fassara mata. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi ne ga kowane yaro. Doka ta ba ta kujera, amma in ta isa can ba ta iya karatu ba, zama za ta yi kamar baƙuwa, ba da jimawa ba ita da kanta za ta ce ta gaji. Sai mu ce ai boko bai karɓe ta ba. Kuma mu tuna shekarunmu na farko, yadda muke neman wanda zai rubuta mana littafin zubi, mu dangwala yatsa a takardar da ba mu san me ke ciki ba.

Saboda haka kwamiti ya kawo shawara huɗu, muna roƙon taro ya duba.

Ta farko, mu yi alkawari tsakaninmu cewa ɗan mamba ko 'yar mamba ba za su ɗauki faranti a lokacin makaranta ba. Don kada abin ya zama magana kawai, muna roƙon a kafa teburin ƙungiya a bakin titi da safe, manya biyu su riƙa zama bi da bi suna sayar da kayan kowa, a rubuta, a raba da yamma. Wadda wannan sauyi ya taɓa cinikinta, a sassauta mata ranar biya na zango ɗaya.

Ta biyu, duba littafi kowane dare. Ko ba ki yi boko ba, za ki iya. Ki ce ya nuna miki shafin yau, ki ga ko akwai sabon rubutu, ki ga ko jan biro ya bi ta kai. Sannan ki ce ya karanta miki da ƙarfi, ya faɗa miki ma'anarsa da Hausa. In ya kasa faɗa da Hausa, bai gane ba. Minti goma ya isa, bayan an dawo Islamiyya an ci abinci. Iyayenmu maza, wannan har da ku, don Allah. A bar wa yaro fitila ko hasken waya ya yi jingarsa.

Ta uku, ku jawo su cikin sana'a ta hanyar biro. In kin auna gyaɗa mudu nawa, ki sa 'yarki ta rubuta. In kin tatsi mai, ta rubuta kwalba nawa, an kashe nawa, an samu nawa. Darasin Malama ke nan ya biyo ta gida.

Ta huɗu, a ware wani abu kaɗan daga ribar bana a sa ƙofa a bayan gidan 'yan mata, a sayi randa da butoci da sabulu. Kuma kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita wanda ake sa iyaye mata a ciki. Mu daina barin kujerar nan ba kowa. A zaɓi mutum biyu yau da za su riƙa zuwa suna kawo mana rahoto, su kai kukan benci da littattafai inda ya kamata.

Mun gaya wa Malama za mu koma ƙarshen zango mu sake zama a bencin nan lokacin kiran suna. Muna fata duk sunan da aka kira na gidan mamba, mu ji an amsa.

Muna godiya ga hedimasta da Malama da suka karɓe mu ba tare da ɓoye mana komai ba. Wadda maganarmu ta sosa wa rai ta yafe mana, da kanmu muka fara. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya jiƙan mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya kai mu ta baɗi lafiya.