Kewar Baƙo: Daga Buenos Aires Zuwa Tashar Jabi

(Laccar da aka gabatar ga taron masu nazarin adabi a Abuja)

 

Na ga wasu sun yi murmushi da aka karanta take, kamar suna cewa me ya haɗa kifi da kaska. Ku ba ni aron kunnuwanku, don waƙoƙin tango sun fi kusa da mu mazauna Abuja fiye da yadda muke zato.

An haifi tango a unguwannin talakawa na Buenos Aires ta Ajantina da Montevideo ta Uruguwai, a ƙarshen ƙarni na 19. Jiragen ruwa suna ta juye 'yan ci-rani daga Italiya da Sifaniya, galibinsu maza gwauraye. Ƙidayar 1914 ta nuna kusan rabin mutanen Buenos Aires ba a ƙasar aka haife su ba. Hatta kayan kiɗan nasu, bandoniyon, baƙo ne daga Jamus. Ana buɗe shi ana matse shi kamar zugazugin maƙeri, yana fitar da sauti mai kama da ajiyar zuciya.

A 1917 Carlos Gardel ya rera "Mi noche triste", wadda Pascual Contursi ya rubuta. Mutum ne zaune a ɗakin haya, masoyiya ta tafi, yana magana da ita alhali ba ta nan. Daga nan aka buɗe ƙofar irin waɗannan waƙoƙi na kewa. A 1948 Homero Manzi ya rubuta "Sur", inda kewar budurwa da kewar tsohuwar unguwa suka cakuɗe har ba ka iya raba su. Wannan shi ne abin da na zo faɗa: macen da ta ɓace a waƙar tango sau da yawa gida ne ya yi shigar mace. Namiji yana jin nauyin ya ce yana kukan garinsu da gyatumarsa, sai ya ɗora wa masoyiya laifi.

Harshenmu ya raba wannan ciwo gida biyu. Akwai kewa, akwai bege. Kewa tana waiwaye, tana ƙirga abin da ya salwanta. Bege kuwa yana da alƙibla. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma a waƙoƙin Imfiraji zuciyarsa ta san inda ta dosa: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mai bege yana sa ran saduwa. Mawaƙin tango ba ya sa rai, shi ya sa yakan ƙare a teburin mashaya. Ko Gardel da ya rera "Volver", waƙar komawa gida, bai koma da ransa ba: ya rasu a haɗarin jirgin sama a Medellin ta Kolombiya ranar 24 ga Yuni, 1935, tare da marubucin waƙar, Alfredo Le Pera.

Yanzu mu dawo gida. Janar Murtala Mohammed ya ayyana wannan wuri a matsayin sabon babban birnin ƙasa a 1976, gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba, 1991. Mu nawa ne a zauren nan aka binne cibiyarmu a Abuja? Ku je tashar Jabi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Za ku ga magidanci rungume da ledar burodi da 'yan takalman yara, yana ta duba waya, yana tambayar ɗan kamasho saura mutum nawa motar Kano ta cika. Wani kuma ba zai tafi ba; yana can ɗakinsa a Mararaba ko Nyanya, wadda ya bari a ƙauye an ɗaura mata aure tun bara, don jira ya yi yawa. Ga kuma Gbagyi 'yan ƙasa, waɗanda aka tayar zuwa Sabon Wuse. Su ba su je ci-rani ba, garin ne ya tashi ya bar su.

Buenos Aires ta mayar da irin wannan ciwo waƙa, har UNESCO ta sanya tango cikin gadon al'adun duniya a 2009. Ɗalibai, ciwon yana nan a ƙofarku, kuma kuna da abin da Contursi ba shi da shi: kalmar bege. Wa zai rubuta mana waƙar mutumin Mararaba?