Saniyar Jarsi da Kuɗin Asusunmu: Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekara

 

A taron bara aka ɗora wa ofishinmu aikin binciko ko ya dace a taɓa kuɗin asusu a sayi shanun tatsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 sai Disamba 2020 aka buɗe, a 2023 kuma aka sake. Duk wanda abincinsa ke kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ko Illela zuwa Ƙwanni ya san yadda gida yake idan mota ta yi watanni a tsaye. Shi ya sa muke neman abin da zai riƙa kawo kuɗin cefane kullum, ko an bi hanya ko ba a bi ba.

Irin da muka fi tsayawa a kansa shi ne Jarsi. Sunan wani ƙaramin tsibiri ne tsakanin Ingila da Faransa, inda mutanensa suka hana shigo da baƙin shanu tun 1789 don kada irinsu ya gauraya. Saniya ce 'yar ƙarama, ba ta da tozo, launinta kamar na barewa, da manyan idanu da baƙin hanci. Nauyinta wajen kilo 400 zuwa 450, alhali Firiziyan, mai dabbare-dabbaren baƙi da fari da muke gani a jikin gwangwanin madara, tana wuce kilo 600.

Wannan ƙanƙanta ita ta ja hankalinmu. Mu fatake ne, ba mu da makiyaya. Duk abin da saniya za ta ci, harawa ce, dusa ce, ƙowa ce, anguryar auduga ce, da kuɗi za mu saye shi, kuma kowa ya san inda farashin harawa yake kaiwa da bazara. Ƙaramin jiki bai cin abin da babba yake ci kafin ya fara ba da nono. Rumfa ɗaya a bayan gida ta ishe ta, kuma tana da sauƙin hali, uwargida ko yaro mai hankali zai iya tatsarta. Zafi ma ta fi Firiziyan jurewa.

Sai maganar nonon. Idan ta samu kulawa sosai takan ba da lita 15 zuwa 20 a rana, kuma a cikin kowane kashi 100 wajen kashi 5 mai ne. Na Firiziyan bai cika kai 4 ba. A lissafi, lita 17 na nonon Jarsi za su fitar da man shanu kilo guda, na waccan kuwa sai an haura 20. Hajiyoyinmu masu fura da kindirmo sun fi mu sanin amfanin nono mai kauri. Kada kuma mu raina namu: nonon Bunaji da Azawak yana da mai ƙwarai, yawansa ne kaɗan, lita biyu ko uku a kiwon daji. Kuma karsanar Jarsi tana iya haihuwar fari tana da shekara biyu, tamu kuwa sau da yawa sai ta kai huɗu.

To amma ba za mu ɓoye muku ɗaya gefen ba. Waccan lita 20 ba ta zuwa da ƙaiƙayi da ruwan kwano. A kwanakin zafi saniya mai tatsa tana shan jarka uku ta lita 20, wani lokaci fiye. Kaska da ciwon da take kawowa sun fi kayar da ita a kan namu na gida, haka ma sammore. An kuma san ta da faɗuwa bayan haihuwa, idan sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa a jininta, wanda idan likitan dabbobi bai zo da wuri ba sai a yi asara. Ɗan maraƙinta namiji ba shi da nama, ba ya huɗa, a kara kuma ba wanda zai yi masa tayin kirki. Wanda ya saba kiwon sa don sallah, wannan ba hanyarsa ba ce.

Akwai kuma 'yan damfara. Wani ɗan uwa a cikinmu, ba za mu kama suna ba, dillali ya haɗa shi da wata jar karsana a kan Jarsi ce. Ya biya kuɗi har da la'ada, ya yi ta ɗura mata dusa, da ta haihu ko kwanon sha ba ta cika. Mun yi dariya a lokacin, amma jarinsa ne ya tafi.

Saboda haka shawararmu ita ce kada a sayi tsantsar Jarsi. A nemi 'yar ruwa biyu, uba Jarsi, uwa Bunaji ko Azawak, wadda ta ɗauko nono daga can ta ɗauko juriya daga nan. Nononta ba zai kai na tsantsar ba, amma ta fi zama lafiya a turkenmu. Wanda yake da saniyar gida ma ba sai ya saya ba, a yi mata allurar barbara da irin Jarsi, ya fi araha nesa ba kusa ba. Idan za a saya, a ga uwar, a tsaya a ga tatsar safe da ta yamma da ido, a karɓi takardar rigakafi daga likitan dabbobi kafin a ɗora a mota, balle idan za a tsallaka iyaka da ita.

Muna roƙon a fara da kaɗan, a gidajen da ke da rijiya ko famfo da mai zama kullum. Kuɗin nan na marayu da zawarawan ƙungiya ma yana ciki, ba za mu sa hannu a fitar da shi gaba ɗaya ba. Mai sha'awa ya ba ma'aji sunansa bayan an ci abinci, a zama na gaba kuma a kaɗa ƙuri'a.