Bakwaini Na Jiran Magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jarirai miliyan 13.4 aka haifa bakwaini a 2020, wato kafin ciki ya cika mako 37. Duk da haka, magungunan hana naƙuda zuwa da wuri ba su taka kara sun karya ba. A 2023 Amurka ta janye allurar Makena, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, domin bincike bai tabbatar da amfaninta ba.

Akwai dai allurar dexamethasone mai araha, wadda ake yi wa uwa don huhun jariri ya yi ƙwari. Gwaji a ƙasashe biyar, har da Najeriya, ya nuna tana rage mace-macen bakwaini. Hukumomi, ku wadata asibitocinmu da ita, ku kuma zuba kuɗi a binciken sababbin magunguna.