Kafin ka zagi laftof ɗinka, duba yadda kake aiken RAM

Yau maganar masu koyon rubuta manhaja ce, amma ko ba ka cikinsu ka tsaya ka ji.

Kwanaki a wajen horon da muke yi wa matasa, wani ƙanena ya ce min zai haƙura da koyo, wai tsohon laftof ɗinsa ba ya ja, kuma ba shi da kuɗin sabo. Na ce nuna min abin da ka rubuta. Jadawali ne mai layi 4,000 da ginshiƙi 4,000, lambobi miliyan 16, yana tara su daga sama zuwa ƙasa, ginshiƙi bayan ginshiƙi. Muka juya, muka bi layi-layi. Lissafi ɗaya, amsa ɗaya, amma ya gama cikin ɗan lokaci. Ya zaro ido.

To me ya faru? Ka ɗauki furosesa a matsayin mai shayi. Teburin gabansa shi ne kash (ba kash na takaici ba fa), wata 'yar ma'ajiya a jikin furosesa mai saurin gaske. Matakinta na farko yawanci kilobayit 32 ne zuwa 64, ƙanƙanuwa ce. RAM kuwa shagon da ke can bakin titi ne. Miƙa hannu kan tebur kusan nanosakan 1 ne, aike zuwa shago kusan 100.

Ga inda dabarar take. In ka aiki yaro ya kawo sukari ƙwaya ɗaya, da kwalin gaba ɗaya yake dawowa. A yawancin kwamfutoci kwalin nan bayit 64 ne, wato lambobi 16 masu bayit 4. Yaren C yana jera jadawali layi-layi, don haka in ka bi layi, aike ɗaya ya ishe ka lambobi 16. In ka gangara ginshiƙi, kowane taku tsallen bayit 16,000 ne. Sabon aike, sabon kwali, ka ɗauki ƙwaya ɗaya, kafin ka dawo neman ta biyu an share teburin. Fortran da MATLAB akasin haka suke jerawa, sai ka san yarenka.

Wajen ninka manyan jadawali kuma, ana yanka su ƙananan gutsattsari daidai cikin tebur, a gama da ɗaya kafin a ɗauko wani. Matsalar, girman tebur ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Shi ya sa a 1999 Frigo, Leiserson, Prokop da Ramachandran na MIT a Amurka suka fito da algoridim ɗin da ba ruwansa da sanin girman kash: yana ta raba aiki biyu-biyu har gutsuren ya shige da kansa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, a jami'a an koya mana ƙirga matakai, kamar duk taku farashinsa ɗaya. Ba wanda ya ce mana aike ne mai tsada. Kuma mutanenmu da ƙananan wayoyi suke, manhaja mai yawan aike tana ɓata musu lokaci, tana shan caji, ga wuta ba kullum ba.

Ku gwada jadawalin nan ta hanyoyin biyu a kwamfutarku, ku auna lokacin, ku turo mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba.