Kafin ka ce "an yanke reso", leƙa zauren gidanka

Ƴan uwana matasa, maza da mata, na nan Korgom da waɗanda suka taso daga Tasawa da Maradi, sannunku da zuwa. An ce in yi magana a kan intanet da ƴancin faɗar albarkacin baki. To zan fara da tona asirin kaina, don abin da zan gaya muku a wurin kuskurena na koye shi.

Wasunku sun san ɗakin da ke bayan zauren gidanmu, wanda Inna ke ce wa "ɗakin wayoyi". Da na gama jami'a a Maradi na dawo gida, can na haɗa ɗan wurin gwaji: fanon hasken rana guda, batir, tsohuwar kwamfuta da wani aboki ya bar mini, modem mai ɗaukar sim, da ƙaramar ruta ta MikroTik, irin wadda masu wifi zon ke saida tike da ita. Nufina in koyi aikin da hannuna, kuma ɗaliban unguwa su samu inda za su duba darasi ba tare da forfe ya cinye aljihun iyayensu ba.

Wata Laraba bayan la'asar komi ya tsaya cik. Waya ta kama wifi, sanduna sun cika, amma shafi ko ɗaya ba ya buɗewa. Cikin masu jira akwai wata ƙanwarmu da ta ci bak, tana son aika takardun neman burs, kuma washegari ake rufewa.

Kun san abin da ya fara zo mini a rai. Ina ɗalibi a watan Fabrairun 2021, lokacin da aka faɗi sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka wayi gari intanet na wayar hannu ya ɗauke, ya yi kusan kwana goma bai dawo ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle. Ban gwada komi ba. Na ɗauki wayata, mai sim ɗin wani kamfani daban, na rubuta a shafinmu cewa da alamu an toshe reson kamfani kaza a yankin Tasawa. Kafin magariba mutane sun yi ta turawa gaba, har wasu na cewa su ma sun lura.

Sai wata ƴar ajinmu da ke aikin reso a Yamai ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Malam, ka yi ping kuwa?" Na ce ban yi ba. Ta ce, "To zauna gaban kwamfutarka."

Ga waɗanda ba su sani ba, ping sallama ce kawai. Kana aika ɗan saƙo zuwa wata na'ura, in tana nan kuma hanya a buɗe take, sai ta amsa. Ta sa na fara da na kusa. Na yi wa rutar sallama a lambarta, 192.168.88.1, ta amsa. Ke nan tsakanina da ita lafiya lau. Ta ce in wuce waje, in gwada 8.8.8.8, wata na'urar Google. Wallahi ina dannawa ina da yaƙinin shiru zan ji. Sai ga amsa na sauka layi bayan layi. Jikina ya yi sanyi, don in da an yanke, ta ina saƙona ya fita ya dawo?

Na uku ta ce in yi sallamar da suna maimakon lamba. Nan ne aka yi shiru.

A nan matsalar take, kuma ina so ku riƙe wannan. Na'urori ba su san sunan shafi ba, lamba suka sani. Kamar yadda kake danna sunan Baba a wayarka ita kuma ta nemo lambarsa, haka intanet ke da littafin sunaye, ana ce masa DNS. A ɗakina rutar ce ke duba wa kowa wannan littafi, kuma tambayar tana shiga ta ƙofa mai lamba 53. Hanya na nan, amma an hana mutane tambayar adireshi. Wa ya hana? Ni.

Daren jiyansa na karanta labarin abin da ya faru a 2018, lokacin da ɓarayin intanet suka shiga dubban rutoci irin tawa, musamman a Barazil, ta wata kafa a manhajar da ake sarrafa su, Winbox. Kamfanin ya riga ya fitar da gyara, masu rutocin ne ba su sabunta ba. Tsoro ya kama ni, ƙarfe ɗayan dare na tashi ƙarfafa katangar tsaro, wadda ake ce wa fayawol. Ita kamar mai gadi ce a zaure, riƙe da takardar umarni. Yana karantawa daga sama zuwa ƙasa, kuma layin farko da ya dace da baƙo shi yake bi, ba ya duba na ƙasa. Na rubuta: a bar ping, a bar kwamfutata ta shiga ƙofa 8291 don sarrafawa, duk sauran mai neman rutar a kore shi. Layin da ya ba ƴan gida izinin ƙofa 53 yana nan, amma a ƙarƙashin na korar. Mai gadi bai taɓa kaiwa gare shi ba. Na yi ping, ya amsa, na yabi kaina na kwanta.

Hujjar ma tana gabana tun farko. Kowane layi yana da ƙidayar saƙonnin da ya kama. Na layin kora tana ta hawa kamar mitar kuran, na izinin tana tsaye ba motsi. Na ja layin izini na kai shi sama, cikin ƙiftawar ido shafuka suka buɗe.

A nan zan ɗan ja kunnen masu wifi zon, don na san akwai ku a cikin taron nan. Da abu ya ƙi, da yawa sai su kashe katangar gaba ɗaya, su ga ya yi aiki, su bar ta a kashe. Wannan cire ƙyauren gida ne don makulli ya yi tauri. Waɗanda ke sayen tikenka ta nan suke aika kuɗi, ta nan hotunan iyalinsu ke bi. Buɗe ƙofar da ake buƙata kaɗai, kuma ga ƴan ciki kaɗai. Ƙofa 53 in ka buɗe ta ga waje, baƙi za su yi amfani da rutarka su kai wa wasu hari. Canza abu ɗaya, gwada, sannan na gaba. A Winbox akwai maɓallin da in ka kunna shi, ka yi kuskuren da ya rufe ka a waje, rutar da kanta za ta maida komi yadda yake. Ni yanzu har kaye na ajiye, ina rubuta ranar da abin da na taɓa. Kuma kada ka yi gyara ƙarfe ɗayan dare.

Gyaran ruta bai kai minti biyu ba. Gyaran maganar da na saki shi ne har yau ban gama ba. Na goge, na rubuta cewa kuskurena ne, na ba da haƙuri, amma waɗanda suka ga gyaran ba su kai rabin waɗanda suka ga zargin ba. Kuma kun san dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta watsa abin da aka ce zai iya dagula zaman lafiyar jama'a, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 ya maido da ɗauri a gidan kaso. Ina da ƙorafi a kan yadda dokar ke da faɗin baki, na sha faɗa a shafin nan. Amma ranar nan ni na miƙa wuyana, da na ƙungiyarmu, a kan abin da ba gaskiya ba. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da za a yanke da gaske. In mun saba kururuwa a banza, wa zai fito?

Saboda haka ga abin da nake roƙo. In reso ya ɗauke, fara da gidanka, kamar yadda aka sa ni na yi. In gida lafiya, tuna da kuran. Wutar yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma mun ga yadda aka sha wuya da Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023. Eriya in batirinta ya ƙare ko man janareto ya yanke, sai ta yi shiru ba tare da kowa ya ba da umarni ba. Bayan haka gwada sim na kamfani biyu, kira wani a Mayahi ko Maradi ka ji nasu, rubuta ƙarfe nawa ya fara, ɗauki hoton allon. Akwai manhaja mai suna OONI Probe da ke gwada ko an toshe shafuka, sai dai ku sani tana wallafa sakamakon a fili, don haka kowa ya auna kafin ya saka ta. In duk wannan ya haɗu, to mu fito mu faɗa da ƙarfi, da hujja a hannu.

Ƙanwar tamu ta aika takardunta bayan isha'i a daren nan. Har yanzu in ta gan ni sai ta ce, "Yaya, an yanke ne ko kai ne?"

Asabar mai zuwa bayan la'asar ɗakin wayoyi a buɗe yake. Zan ɓata rutar da gangan a wuri uku, ba zan faɗa muku ina ba. Ku zo da wayoyinku da caji, don batir ɗina ba zai ɗauki kowa ba.