Waken Samaru, Kwamfuta da Ƙwaƙwalwar 'Ya'yanmu

Jawabi ga dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata da na matasa, Sabon Gari, Zariya

Ba haka kawai muka zaɓi wannan batu ba. Tambayoyi biyu ne suka same mu cikin wata guda, kuma mun san gobe ko jibi za su sami wasunku.

Ta farko, wani dattijo manomi ya kawo buhun wake ranar baikon godiyar kaka, sai wani ɗan'uwa ya ja mu gefe ya ce waken nan GMO ne, mutum ya sa hannu a halittar Allah, bai kamata a ajiye shi gaban bagadi ba. Ta biyu, wani saurayi da budurwarsa suka kawo sakamakon gwajin jini kafin aure, duka biyun AS. Da muka fara yi masu bayani, sai saurayin ya zaro waya ya ce, "Baba Fasto, kimiyya ta riga ta gama da sikila. Nan gaba kaɗan ma har basirar yaro za a riƙa zaɓa tun bai shiga ciki ba." Muka ce wa ya faɗa masa, ya ce wayar ya tambaya.

Bari mu fara da waken, tun da a ƙofar gidanmu aka yi shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta: tun 1922 ake gwajin noma a wurin, jami'a kuwa sai 1962. Duk irin da kuka ji sunansa ya fara da SAM, ko SAMMAZ na masara, ko SAMSORG na dawa, ko SAMNUT na gyaɗa, ko SAMPEA na wake, Samaru ake nufi. Shekara da shekaru aikinsu shi ne haɗa iri da iri, mai jure fari da mai yawan 'ya'ya, a jira, a zaɓa. Kakanninmu ma zangarniya mafi kyau suke ratayewa domin baɗi, Yakubu kuma ya san wannan dabara a garken Laban. Babu wanda ya taɓa kiran wannan zunubi.

To amma akwai wata tsutsa, maruka, mai shiga furen wake da kwansonsa, wadda idan ta yi yawa takan cinye har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. An bincika dubban ire-iren wake ba a sami mai kariya daga gare ta ba, balle a haɗa shi da namu. Manomi kuwa sai feshi sau shida, sau takwas, sau da yawa ba safar hannu, ba abin rufe hanci, yaro yana biye da shi da jarkar ruwa.

Ga abin da masana suka yi. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, da haruffa huɗu kacal aka rubuta shi, shi ake kira DNA. Layi-layi yake, kowane layi da aikinsa. Su ne ƙwayoyin gado. Akwai wata ƙwayar halitta a cikin ƙasa, ana ce mata Bt, tana yin wani sinadari mai kashe irin wannan tsutsa idan ta haɗiye shi, cikin mutum kuwa yana narkar da shi kamar sauran abinci. Layin da ke yin sinadarin aka ɗauko, da taimakon masana a Ostireliya, aka sa cikin wake, sannan Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa a Samaru suka yi shekaru suna gwaji. Hukumar da ke sa ido kan irin wannan aiki ta amince a 2019, aka fitar da irin da sunan SAMPEA 20-T a watan Disamba na shekarar. Feshi ya koma kamar sau biyu, domin sauran ƙwarin da kariyar ba ta shafa ba. A 2024 kuma aka fitar da masarar TELA, ita ma daga Samaru.

Mun karɓi waken dattijon nan, mun yi godiya a kansa, an kai shi ga gwauraye. Allah ya sa Adamu a gona domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta, mu kuwa ba mu ga inda sa wa wake garkuwa ya saɓa wa wannan ba. Jita-jitar da ake yi a kasuwar Samaru, wai irin ba ya tsirowa karo na biyu, ba haka take ba. Waken yana tsirowa. Amma akwai tambayoyi na gaskiya, har Majalisar Wakilai ta taɓo batun a 2024. Masarar TELA haɗaɗɗen iri ce, kuma kamar kowace haɗaɗɗiyar masara, idan aka sake shuka abin da aka girbe yabanya takan ragu, wato sai an sayi sabon iri kowace damina. Wa zai riƙe farashi? Me zai faru ranar da tsutsa ta saba da kariyar? Mai saye a kasuwa yana da haƙƙin sanin abin da ke cikin mudu. Waɗannan ya kamata dattawa su tambaya, ba tsoron fatalwa ba.

Yanzu ga saurayinmu. Rabin maganarsa gaskiya ce. Sikila harafi ɗaya ce tak da ya sauya a cikin haruffa kusan biliyan uku. Babu ƙasar da ta kai tamu ɗaukar wannan nauyi: kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana ƙiyasta jarirai wajen dubu 150 ake haifa da SS kowace shekara. A 2012 wasu mata biyu masana, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, suka nuna yadda za a yi amfani da wani abu mai suna CRISPR kamar almakashi a yanka rubutun nan a daidai inda ake so, suka sami kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da aka yi da wannan almakashi, sunansa Casgevy. Ana ciro ƙwayoyin da ke yin jini daga jikin marar lafiya, a gyara su yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke yi a cikin uwa, a kashe tsoffin da magani mai tsanani, a mayar da gyararrun. Mutane sun rabu da tashin ciwo. Mun gode wa Allah domin wannan. Aikin jinƙai ne.

Rabin da wayar ba ta jaddada masa ba shi ne kuɗi. Dala miliyan 2.2 ne a Amurka, fiye da naira biliyan uku a canjin 2025. Duk baikon ikkilisiyoyin da ke zaune a ɗakin nan, na shekaru, ba zai biya wa yaro ɗaya ba. Kuma wanda aka yi wa maganin, 'ya'yansa za su gāji sikilar daga gare shi, domin jininsa aka gyara, ba zuriyarsa ba.

Gyaran zuriya wani abu ne daban. A 2018 wani masani a ƙasar Sin, He Jiankui, ya taɓa ƙwayoyin gadon wasu tagwaye mata tun kafin a sa su a mahaifa, wai don kada su kamu da cutar ƙanjamau. Masana na duniya suka yi tir da shi, kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara uku a 2019. Dalili kuwa a fili yake. Idan wake ya ɓaci a gonar gwaji, a tuge shi a ƙone. Yaran nan ba wanda ya tambaye su, kuma duk kuskuren da almakashi ya yi za su iya miƙa shi ga jikokinsu.

Batun ƙara basira fa? A nan ne aka fi sayar da iska. Kariyar wake layi ɗaya ce, sikila harafi ɗaya ce, basira kuwa ba haka take ba. A 2018 aka bincika ƙwayoyin gadon mutane fiye da miliyan ɗaya, aka sami wurare 1,271 masu alaƙa da nisan karatu, kowanne da ɗan tasiri kamar ƙwayar gero a cikin buhu. Da aka tara tasirin duk wuraren da aka auna, kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari kawai suka bayyana na bambancin da ke tsakanin mutane. Turawa ne aka auna, kuma lissafin yana ƙara rauni idan aka kawo shi kan baƙar fata. Duk da haka akwai kamfanoni a Amurka da suka fara karɓar kuɗin masu hali domin su jera masu 'ya'yan da aka haɗa a ɗakin gwaji, su nuna wanda wai zai fi kai. Kada mu yi masu dariya da sauri. Mu nan Samaru, inda ikkilisiya ta cika da malaman jami'a, mun san yadda ake kallon yaron da ya ci JAMB da maki ɗari uku, da yadda ake kallon ƙanensa da ya maimaita aji uku. Littafin Farawa ya koya mana cewa cikin surar Allah aka yi mutum, bai kuwa ɗaura wannan a kan maki ba.

Sai ita wayar da saurayin ya tambaya. Mutane da yawa sun ɗauka kwamfuta ƙwaƙwalwa ce ta ƙarfe, wadda ta riga ta fi tamu. Wajen sauri ta fi mu nesa ba kusa ba. Saƙo a jijiyar mutum, in ya yi gudu sosai, mita 120 yake yi a daƙiƙa. Kwamfuta tana bugun aiki sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Tun 1997 wata na'ura, Deep Blue, ta kada Garry Kasparov, gwanin duniya a darar Turawa. Daga ƙarshen 2022, da ChatGPT ya fito, kowa ya ga na'ura tana rubuta wasiƙa da wa'azi, har da Hausa. Ita ake kira ƙirƙirarriyar basira.

Amma ku dubi abin da ke cikin ƙoƙon kanku. Nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, yana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta. Ƙarfin da yake ci wat 20 ne, kamar ɗan ƙwan fitila, kuma tuwo da miya ne lantarkinsa. Babbar kwamfutar nan ta Amurka mai suna Frontier, da aka kunna a 2022, tana shan wajen wat miliyan 21, wato ninki miliyan ɗaya. Na'urar da ke magana sai da aka ɗura mata rubutun da mutum ba zai iya karantawa ba ko da ya yi shekara dubu, daga nan ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo. Yaron Sabon Gari kuwa, kafin ya shekara biyar, yana jin Hausa a layi, Inyamuranci ko Yarbanci a shagon maƙwabci, Turanci a makaranta, ga yaren gida, da koko da ƙosai kawai. Mun taɓa gwada ɗaya daga cikin manhajojin nan, ta ba mu aya da sura da lamba, babu inda-inda. Muka buɗe Littafi Mai Tsarki, ba ayar a wurin. Ku yi amfani da ita kamar ƙamus mai baki, ku kuma bincika abin da ta faɗa. Ba ta taɓa kwana a asibitin Shika da yaro mai ihun ciwon ƙashi ba, ba kuwa ita za ta kwana ba in shawararta ta ɓaci.

Abin da ya fi tsaya mana a rai cikin wannan karatu shi ne, ana neman yadda za a ƙara wa yaro basira da dala miliyoyi a can, mu kuwa a nan muna asarar wadda Allah ya riga ya bayar. Ƙwaƙwalwa tana kai wajen kashi 90 cikin ɗari na girmanta kafin yaro ya shekara shida, kuma a shekarun nan kusan rabin ƙarfin abincinsa ita ke cinyewa. Yaron da ya tsumbure saboda tamowa, ba tsawo kaɗai ya rasa ba. Mai ciki da ba ta samun sinadarin aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, ɗanta ke biya da kaifin kai. Shi ya sa tun shekarun 1990 gwamnati ta wajabta sa shi a gishiri. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yakan bar tabo. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma ta taɓa masu kai har abada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayenmu mata, roƙonmu gare ku shi ne, a ziyarar gida-gida ku duba gishirin da mai ciki ke ci, ku duba gidan sauro, ku ga ko ana sa wa kunun yaye gyaɗa da waken soya, ko ana ba yaro wake da ƙwai. Dattawa kuma, wani kaso na hatsin godiyar kaka ya tafi ga masu goyo.

Saurayin da budurwarsa mun sake zama da su, tare da wata ma'aikaciyar jinya daga cikin membobinmu. Ta bayyana masu cewa ɗaya cikin huɗu ba yana nufin in sun haifi huɗu ɗaya ne zai zama SS ba. Kowane ciki sabon ƙuri'a ne, ana iya samun uku a jere. Wata uwa da ta binne biyu ta yarda ta yi magana da su, ta kuma kawo na ukun, wanda yake raye, yana buga ganga a ƙungiyar mawaƙa. Ba mu ce masu ku rabu ba, ba mu kuma ce ku yi ba. Har yau ba mu karanta sanarwar aurensu ba, su ma ba su janye ba. Ku sa su cikin addu'a.